Filin Tambaya da Amsa: Bin Sawun Kakannin da Suka Yi Yaƙin Basasa

Tun bayan bikin tunawa da 'yan mazan jiya na ranar 15 ga Janairu, wasiƙun da suka fi yawa a wannan fili sun zo ne daga jikoki, maza da mata, masu son sanin inda kakanninsu suka yi yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, wanda tsofaffinmu suka fi sani da yaƙin Biyafara ko yaƙin Ojukwu. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na kakanninsu, tun da al'amari ne na cikin gida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakana na wajen uba ya yi aikin soja, ya je yaƙin basasa, ya dawo da harbi a cinya, ya kuma rasu tun ina goye. Abin da ya rage mana nasa shi ne hoto guda ɗaya cikin kaki da igiya biyu a hannun riga, sai wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ɗakin kakata, wanda ba a cika buɗewa ba. Na rubuta sunansa a intanet sau da yawa ban ga komai ba. Ta ina ya kamata in fara? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara daga ɗakin kakarka, kuma ka fara a cikin wannan makon, domin saurayin da ya shiga soja yana da shekara ashirin a 1967 yanzu ya doshi tamanin, matan da suka yi zaman jiransu ma haka. Takarda tana iya jiranka shekara goma a cikin kabad, amma tsohuwa ba ta da wannan alkawari da kowa.

Kada rashin ganin sunansa a intanet ya karya maka gwiwa. Kafin yaƙin, sojan ƙasa na Najeriya gaba ɗaya ba su wuce kimanin dubu 10 ba, amma zuwa lokacin da aka ajiye makamai a watan Janairun 1970 sun kai wajen dubu 250. Cikin wata talatin aka ɗebi wannan taro, daga gonaki da kasuwanni da tashoshin mota, aka ba da yawansu horon makonni kaɗan aka tura su bakin daga. Hafsoshi ne kawai ake buga sunayensu a gazet ɗin gwamnati idan an ba su anini ko an ƙara musu girma. Kakanka kuwa, da yake igiya biyu gare shi, kofur ne, kuma farabiti da kofur da saje ba sa shiga gazet, ba sa kuma shiga littattafan da manyan hafsoshi suka rubuta bayan yaƙi, sai dai a lissafa su a cikin adadi.

Abin da za ka nema a cikin akwatin nan, da izinin kakarka kuma a gabanta, shi ne lambarsa ta soja. A wurin hukumar soja lamba ita ce mutum, suna kuwa abin da ke biye da ita ne. Dalili shi ne akawun da ya rubuta sunan kurtu a ranar ɗauka sau da yawa ba Bahaushe ba ne, ya rubuta abin da kunnensa ya ji: Muhammadu ya koma Momodu ko Mamman, Abdullahi ya koma Audu, sunan uba kuma a bar shi a sa sunan gari, kamar yadda aka saba tun zamanin Turawa. Saboda haka mai yiwuwa ne kakanka yana cikin rajista da sunan Funtuwa ko Katsina a gurbin sunan mahaifinsa, tare da wasu mutum hamsin masu suna iri ɗaya da nasa. Wasu kuma da gangan suka sauya suna, don sun gudu ne suka shiga soja ba da sanin iyayensu ba. Lambar ƙananan sojojin wancan zamani takan fara da 63NA, sannan sauran alƙaluma su biyo baya, kuma kada 63 ɗin ya ruɗe ka ka ɗauka lallai a 1963 ya shiga, domin waɗanda aka ɗauka a tsakiyar yaƙin ma da ita aka yi musu lamba. Ta hafsoshi kuwa da harafin N take farawa. Ka duba takardar sallama, wadda ita ce uwa a cikin takardun tsohon soja, sannan katin shaida, da katin asibiti tun da an harbe shi, da takardar fansho ko ta garatuti, da bayan hoton nan, har da jikin akwatin kansa, domin soja da yawa sukan rubuta lambarsu da fenti a kan kayansu. Duk abin da ka samu ka ɗauki hotonsa da waya gaba da baya, ka mayar da shi inda yake. Kada ka bari a manne tsohuwar takarda da leda a shagon masu kwafi, zafin injin yana cinye tawada.

Sannan ka zauna da kakarka da duk wani sa'an kakanka da ya rage, ka nemi izininsu ka naɗi muryarsu. A nan ne mafi yawan matasa suke yin kuskure, su tambayi tsohuwa wace bataliya mijinta yake, ta ce ba ta sani ba, su tashi suna cewa ba ta tuna komai. Tambayar ce ba ta yi daidai ba. Ka tambaye ta wane ɗa take goyo lokacin da ya tafi, da damina ne ko da kaka, daga wane gari saƙonsa yake zuwa, wa yake karanta mata wasiƙa, wane aboki ne ya kawo mata kuɗi, wane suna yake yawan ambata idan yana ba da labari. Akwai kuma ma'auni mai kyau da Musulmi suke da shi na wannan yaƙi: azumi uku aka yi a cikinsa, duka a lokacin sanyi, na farko a Disambar 1967, na biyu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disambar 1968, na uku daga Nuwamba zuwa Disambar 1969. Babbar Sallah kuwa biyu ce ta faɗo a ciki, ta Maris 1968 da ta Fabrairun 1969. Idan ta ce an harbe shi bayan azumi na biyu kafin layya, ka ga ta ba ka watanni biyu ko uku ba tare da ta ambaci shekara ba.

Sunayen garuruwan da za ka ji daga bakinta su ne za su nuna maka rundunarsa, domin runduna uku ce ta yi yaƙin, kowace da hanyarta. Runduna ta ɗaya, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, daga arewa ta gangara: ita ce ta buɗe wuta a Gakem wajen Ogoja ranar 6 ga Yulin 1967, ta ci Nsukka a watan, ta shiga Inugu ranar 4 ga Oktoba, sannan Abakaliki da Okigwe, har Umuahia a Afrilun 1969. Runduna ta biyu, ta Kanar Murtala Muhammed, an haɗa ta ne cikin gaggawa a Agustan 1967 bayan sojan Biyafara sun tsallaka zuwa Jihar Tsakiyar Yamma, ta kuma bi ta Binin da Asaba zuwa Anaca. Ta uku, wadda ake kira ta kwamandojin ruwa, Kanar Benjamin Adekunle ne ya jagorance ta har zuwa Mayun 1969 lokacin da Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓe ta, ita ce ta Bonny da Kalaba da Fatakwal da Aba da Owerri. Idan kakanka yana yawan maganar fadama da kwalekwale da sauro, ka san inda za ka karkata.

Da lamba a hannunka, ko aƙalla suna da gari da shekarar ɗauka, sai ka je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na ƙaramar hukumarku ko na jiha. A ganina wannan ce ƙofar da ta fi kowace sauƙin buɗuwa, kuma ita aka fi rainawa. Tsofaffin da ke zama a wurin sun san juna tun Daffo ta Zariya, inda ake horar da kurata, kuma mutum ɗaya da ya kalli hoton nan ya ce ai wane ne, tare muka kwanta a asibitin soja na Kaduna, ya fi maka wasiƙa goma. Bayan nan ka rubuta takarda zuwa hedkwatar adana bayanan sojan ƙasa da ke barikin Chari Maigumeri a Lakwaja, inda fayilolin ƙananan sojoji suke, idan kuma ya taɓa karɓar fansho, zuwa Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja. Ka rubuta lambarsa da muƙaminsa da duk yadda ake iya rubuta sunansa, ka bayyana dangantakarka da shi, ka haɗa da takardar shaida daga hakimi ko kotu, ka kuma faɗa a sarari cewa tarihin aikinsa kake nema. Zai fi kyau mahaifinka ko wani baffanka ya sa hannu, domin ɗa ya fi jika kusa a idon hukuma. Kada ka manta cewa a wancan lokaci Funtuwa tana Lardin Katsina ne a Jihar Arewa ta Tsakiya, Jihar Katsina sai a 1987 aka yi ta, don haka sunan lardi da na gunduma za ka gani a tsohon fayil.

Abu ɗaya nake gargaɗinka a kai. Da zarar an ji kana bin takardun tsohon soja, za a samu mai cewa ya san wani a ciki, kawo kaza a fito muku da kuɗin kakanku da suka maƙale. Ba kowane sojan da ya yi yaƙin ba ne ya cika shekarun da doka ta gindaya don samun fansho, da yawa an sallame su ne a rage yawan soja da aka yi bayan yaƙi. Duk wanda ya nemi ka ba shi ainihin takardar sallama ya tafi da ita, ka ba shi kwafi.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Mahaifin mahaifiyata ya tafi yaƙi da daminar da aka fara, yana da 'ya ɗaya, ita ce mahaifiyata. Kakata ta ce saƙonsa na ƙarshe daga Asaba ya zo, kafin azumi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba gawa ba takarda. Mahaifiyata ta tsufa, burinta kawai ta san inda aka binne shi. Akwai hanya? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba mahaifiyarki lada a kan wannan doguwar jira. 'Yata, zan gaya miki abin da labarin kakarki yake nunawa, sannan in gaya miki abin da bai kamata ki sa rai da shi ba, domin yi wa tsohuwa alkawarin da ba zai cika ba zalunci ne.

Asaba kafin azumin farko yana nufin Oktoba ko Nuwambar 1967, kuma yana nufin runduna ta biyu. Sojan tarayya sun shiga Asaba a farkon Oktoba, suka tarar sojan Biyafara sun karya gadar da ta haɗa garin da Anaca, gadar da ba ta fi shekara biyu da buɗewa ba. Sai aka yanke shawarar tsallaka Kogin Kwara da jiragen ruwa, aka gwada har sau uku a cikin watan, duka ba a yi nasara ba. A karon farko an samu shiga Anaca, amma aka mayar da martani mai tsanani aka rutsa da waɗanda suka tsallaka, a sauran kuma aka buɗe wa jiragen wuta a tsakiyar ruwa. Sojoji masu yawan gaske suka halaka, da yawansu nutsewa suka yi, kuma akasarinsu sababbin ɗauka ne daga ƙasar da ba a saba da babban kogi ba, ga nauyin bindiga da harsashi a jiki. Sai daga baya rundunar ta zagaya ta tsallaka ta Idah, ta biyo ƙasa ta Awka ta ci Anaca a Maris 1968, a ƙarshen watan kuma aka yi wa ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana, inda wuta ta cinye motoci da mutane. Ban ce miki lallai a kogin nan kakanki ya cika ba. Abin da nake cewa shi ne lokaci da wurin da kakarki ta ambata sun faɗo daidai kan ɗaya daga cikin wuraren da aka fi asarar rayuka a yaƙin, kuma wanda ruwa ya ci ba shi da kabarin da za a nuna. Waɗanda suka faɗi a tudu ma galibi a inda suka faɗi aka binne su, sau da yawa a rami ɗaya.

Duk da haka akwai abin nema. Fayil ɗin soja, idan an same shi, yakan nuna ranar da aka cire sunansa daga lissafin bataliya da dalilin cirewar, ko an kashe shi, ko ya ɓace a fagen fama, ko ya rasu a asibiti. Yakan kuma nuna wanda ya rubuta a matsayin magajinsa, kuma a nan ne sirrin rashin takarda yakan ɓoye: saurayi da yawa sunan mahaifinsa ko wansa ya bayar ranar ɗauka, saboda haka sanarwar rasuwa, idan an aiko, gidan iyayensa ta je ta hannun hakimi ko ofishin En'e, matar kuma tana can gidan iyayenta ba wanda ya kai mata. Ki bincika wajen dangin kakanki na wajen uba, 'ya'yan 'yan'uwansa, ko wani ya gaji takardun gidan. Ki bi hanyar da na bayyana wa mai tambaya ta farko wajen rubuta wa Lakwaja, mahaifiyarki ta sa hannu a matsayinta na 'yarsa.

Akwai wata hanya da ba a cika tunawa da ita ba. Idan kakarki ta sake aure bayan ɓacewarsa, ko an raba gadonsa, to da wuya a ce ba a je gaban alƙali ba, domin matar wanda ya ɓace ba ta yin aure sai da hukunci. Alƙali kuwa ba ya hukunci sai ya ji shaidu, kuma shaidun irin wannan shari'a sau da yawa abokan yaƙinsa ne da suka dawo, waɗanda za su faɗi ranar da suka gan shi ƙarshe da wurin. Ki tambayi kakarki, idan tana raye, wace kotu ce kuma wane alƙali, sannan a nemi tsohon littafin shari'a na shekarun. Wasu daga cikin irin waɗannan littattafai suna nan a kotunan, wasu an kwashe su zuwa gidajen adana tarihi, kamar Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, tun da Gusau a Lardin Sakkwato take a lokacin. Tsofaffin kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, waɗanda ake samu a Gidan Arewa a Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Zariya, za su ba ki yanayin kwanakin, amma ki karanta su da sanin cewa jaridun lokacin yaƙi nasara suke bugawa, ba sa lissafa asara.

Ba zan rufe wannan amsa ba sai na faɗi wani abu da za ki ci karo da shi da zarar kin fara karanta labarin Asaba. A ranar 7 ga Oktoban 1967 sojan tarayya sun tara maza da samarin garin, fararen hula, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu, kuma mutanen Asaba suna tunawa da ranar har yau. Kasancewar kakanki a garin cikin watan ba hujja ba ce cewa yana cikin waɗanda suka aikata, domin runduna ce ta dubban mutane. Amma idan Allah ya kai ki can, ko kika aika wani, a shiga da ladabi, a san cewa masu garin ma suna da nasu mamatan da ba su ga gawarsu ba. A fara da Sarkin Hausawan Asaba da dattawan unguwar Hausawa, waɗanda suka san tsofaffin sojojin da suka zauna can bayan yaƙi ba su koma gida ba. Irin waɗannan suna nan a garuruwan kudu da dama, shi ya sa ma ban yanke hukunci a kan kakanki ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Nijar ne. Kakana ya je cin rani Kano, sai labari ya zo cewa ya shiga sojan Najeriya. Ya dawo bayan yaƙi da lambobin yabo, ɗaya tana da kan wani sarkin Turawa. Shin Najeriya za ta ba ɗan wata ƙasa bayanin kakansa? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malam, ka rubuta, domin abin da ake dubawa shi ne dangantakarka da mai lambar. Sai dai ka sani da wuya a ce da sunan Maraɗi aka rubuta shi. Mutanen ƙetaren iyaka da suka shiga soja a Kano ko Katsina sukan ba da sunan wani gari na wannan ɓangaren, kamar Jibiya ko Daura ko Katsina kanta, ko unguwar da suke zaune a Kano, saboda haka ka tambayi tsofaffi wane gari yake sauka da kuma wane ne maigidansa a can.

Batun minda mai kan sarki kuwa ya fi tambayarka muhimmanci. Najeriya ta zama jamhuriya tun 1963, ba ta ba da lambar yabo mai kan sarkin Ingila a yaƙin basasa ba. Idan kan namiji ne, to mai yiwuwa Sarki Joji na Shida ne, kuma lambar ta Yaƙin Duniya na Biyu ce, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Hitila. Idan akwai tauraro mai tsini shida a cikinsu, ka sa a karanta maka rubutun da ke jiki, mai yiwuwa na Bama ne, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan. Wannan yana nufin ɗayan biyu: ko dai kakanka tsohon soja ne tun zamanin Turawa, yana cikin waɗanda aka sake kira a 1967 saboda ƙarancin ƙwararru, ko kuwa lambar ta wani ce a gidanku, mahaifinsa ko wansa, aka haɗa su a gwangwani ɗaya. Shekarunsa za su raba gardama, domin wanda ya je Bama a 1944 ya haura arba'in lokacin yaƙin basasa.

TAMBAYA: Malam, kakata ta wajen uba Ibo ce. Kakana ya auro ta a lokacin yaƙi ya kawo ta Kano, ta musulunta, ba ta taɓa komawa ba. Kwanan nan ta fara maganar wani wanta da ya yi wa Biyafara soja, tana kuka. Ina so in nemo mata labarinsa ko danginta, amma wasu a gidanmu suna ganin tone-tone ne. Me ka gani? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Ɗana, sada zumunci ba tone-tone ba ne, kuma wan kakarka kakanka ne kamar yadda mijinta yake kakanka. Gidaje irin naku suna da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos fiye da yadda ake faɗa. Amma ita ce mai labarin, saboda haka ita za ta yanke iyakar abin da za a nema da abin da za a faɗa wa wasu. Auren lokacin yaƙi iri-iri ne, akwai na so da yardar iyaye, akwai wanda yunwa ta ƙulla, akwai kuma wanda ba a nemi yardar kowa ba. Kada ka matsa mata ta gaya maka wanne ne nata. Ka tsaya kan abin da ta buɗe da kanta, wato wanta.

Ta fuskar takarda, hanyarka ta fi ta sauran masu tambaya ƙunci. Rundunar Biyafara ta watse ne a Janairun 1970, bayan Ojukwu ya fice zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong kuma ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga watan, kuma ba ta bar wani ofishi da ya gaji rajistarta ba. Yawancin sojojinta tuɓe kaki suka yi suka koma ƙauyukansu, wasu suka ƙone duk abin da zai nuna sun yi soja saboda tsoron abin da zai biyo baya. Akwai togiya guda ɗaya mai amfani: idan wan nata sojan Najeriya ne ko ɗan sanda tun kafin yaƙi, sannan ya koma ɓangaren Biyafara, to yana da lamba da fayil a wannan ɓangaren, kuma a shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar da aka yi wa irinsu ta zama ritaya. Ka tambaye ta ko ta taɓa ganinsa da kaki kafin a fara gudu daga Arewa a 1966. Gidan tarihin yaƙi da ke Umuahia ya cancanci ziyara don ka ga makaman da aka yi yaƙin da su, har da nakiyar ogbunigwe da Biyafara ta ƙera, amma kayan yaƙi da hotuna ne ƙarfinsa.

Inda hanyarka ta fi ta kowa faɗi kuwa shi ne wajen mutane, domin Ibo ba sa sakin lissafin dangi. Ka nemi abu huɗu daga bakinta: sunan garinsu da na ƙauyen da ke cikin garin, sunan mahaifinta da sunan zuriyarsu ta wajen uba, wadda suke kira umunna, sunan da ake kiranta da shi kafin ta musulunta, da cocin da suke zuwa, Katolika ko Angilika, saboda coci-coci suna ajiye littafin baftisma mai sunan yaro da na iyayensa. Idan sunan ƙauyen ya shige mata, ka tambaye ta ranar da kasuwarsu take ci, domin mako a ƙasar Ibo kwana huɗu ne, Eke da Orie da Afo da Nkwo, kuma ana kiran kasuwa da sunan ranarta haɗe da sunan gari, wanda hakan yakan dawo wa tsoho da abin da ya manta. Da waɗannan a hannunka ba sai ka je tashar mota ba tukuna. Ka taka zuwa Sabon Gari, maƙwabtanku ne, ka nemi ƙungiyar 'yan garin nasu, domin kusan kowane gari na ƙasar Ibo yana da ƙungiyar 'yan asalinsa a Kano, masu taro a kai a kai, kuma shugabanninta suna iya aika tambaya gida ta isa ga dattawan zuriyar cikin 'yan kwanaki.

Idan amsa ta zo, lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne ƙarshen Disamba, sa'ad da 'yan garin na nesa da na kusa suke komawa gida. Kada ka tafi kai kaɗai, ka tafi da mahaifinka ko baffanka, da kuma mutum ɗaya daga ƙungiyar da zai gabatar da ku, ka riƙe hoton kakarka na ƙuruciya da na yanzu, da muryarta a waya tana ambaton sunayen iyayenta da harshenta, idan ta yarda. Za a kawo muku goro, irin wanda muke kira hannunruwa, mai ɓari uku ko huɗu, a yi addu'a a kansa kafin a fasa. Ku bari sai an fasa an ci, mai gida ya tambaye ku abin da ke tafe da ku, sannan babbanku ya ambaci sunanta na gida.